Tambura bakwai a da'ira: tazara ta ƙi daidaita, rubutu kuma sai kifewa yake

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Ina neman taimakon masu aiki da After Effects, manhajar da ake motsa zane da rubutu da ita a bidiyo. Bidiyon yara nake haɗawa a kan Hausa Bakwai, na yi tambura zagayayyu guda bakwai, kowanne ɗauke da sunan gari: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. So nake su jeru a da'ira, tazararsu ta zo ɗaya, su riƙa kewaya taswirar da ke tsakiya a hankali. Abu biyu ne suka tsaya mini. Na farko, da ido nake jerawa, ko yaya na yi sai tsakanin na ƙarshe da na farko ya fi sauran faɗi. Na biyu, da na haɗa su na juya, duk wanda ya sauko ƙasa sai sunansa ya kife, yaro ba zai iya karantawa ba. Girman aikin fiksel 1920 ne a 1080, wato 'yan ɗigon da ake auna faɗi da tsayin allo da su.

Yaron Edita:
Wa alaikumus salam Anti. Ki raba 360 gida bakwai, zai ba ki 51. Kowanne ki juya shi da 51 sama da na bayansa, shi ke nan.

Malam Lissafi:
Ɗana, ba 51 ba ne, kuma a nan giɓin yake ɓuya. 51 sau bakwai 357 ne. Digiri 3 sun ɓace, kuma ba za su rabu a kan kowa ba, gaba ɗayansu za su taru tsakanin na ƙarshe da na farko, daidai wurin da take kuka da shi. Amsar ita ce 51.428571 da ɗoriya, ba ta ƙarewa. Bakwai ba ta shiga 360 daidai kamar yadda 6 da 8 da 9 da 10 da 12 suke shiga. Shi ya sa mai jera lambobin agogo ba ya shan wahala, 30 ce cif tsakanin kowace lamba da mai bi mata.

Malama, kada ki rubuta amsar da hannu. A akwatin da aka rubuta Rotation ki buga 360/7 kamar haka, manhajar za ta raba da kanta. Idan kuma kin fi son lambobin a gabanki, ga su: 0, 51.43, 102.86, 154.29, 205.71, 257.14, 308.57.

Yaron Edita:
Na gode Malam. Ashe digiri 3 za su fito a ido haka?

Malam Lissafi:
Ƙwarai. Idan nisan tambari daga cibiya fiksel 350 ne, digiri 3 sun kai fiksel 18. Abu yana tsaye ma ana gani, balle yana juyawa ido na biye da shi.

Maman Khalil:
Malam na sa lambobin, amma kowane tambari a inda yake yake juyawa, bai matsa ko'ina ba. Sun karkace dai kawai.

Hajiya Edita:
'Yar'uwa, kafin maganar digiri akwai abin da ya kamata a fara faɗa miki. Kin san akuyar da aka ɗaure a turke, duk zagayen da za ta yi turken take zagawa, tsawon igiyarta kuma shi ne faɗin zagayen. Kowace leya a After Effects, wato kowane abu da aka ɗora a aikin kamar tambari ko rubutu, tana da nata turken, shi ne 'yar alamar nan da aka rubuta wa Anchor Point. Yanzu turken kowane tambari naki yana tsakiyar cikinsa, don haka kansa yake zagawa.

Hanya mafi sauri ita ce ki bar Position na dukkansu a 960 da 540, wato cibiyar allo, sannan ki ƙara 350 a lamba ta biyu ta Anchor Point. Tambarin zai haura sama, turkensa ya tsaya a cibiya. Ki mayar da lambobin Malam, za ki ga sun bazu sun yi da'ira. Sai dai wannan matsalarki ta farko kaɗai ya warware. Ta biyun sai ma ta ƙara fitowa fili, don kowanne ƙafarsa za ta kalli cibiya, na ƙasa kuma a kife.

Baba Mai Firinta:
Yara kuna wahalar da baiwar Allah. Mu da muke buga hatimi da kalanda da katin biki, wannan aikin kullum ne a CorelDRAW. Ka danna abu sau biyu, ka ja cibiyar juyinsa zuwa tsakiyar da'ira, ka buɗe tagar juyi da Alt da F8, ka sa digiri, ka sa kwafi shida, ka danna. An gama. Ta jera a can, ta fitar da hoto guda mara bango, ta kai After Effects ta juya abinta.

Hajiya Edita:
Baba, Allah ya ƙara girma, a takarda maganarku haka take babu ja. Amma hatimi ba ya motsi. Idan ta fitar da su a hoto guda, sun zama abu ɗaya, sunan Kano zai kife idan ya zo ƙasa kuma babu yadda za ta miƙar da shi. Ba za ta iya cewa Daura ta fara fitowa sannan Kano ta biyo ba.

Baba Mai Firinta:
To ta fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan cikakken shafi 1920 a 1080 mara bango. Kin ga cibiyar shafin ita ce cibiyar da'irar, turken da kike faɗa ya zauna da kansa, ba sai ta taɓa komai ba.

Hajiya Edita:
Wannan dabara ce mai kyau Baba, kuma ina amfani da ita idan zane ne na ado kamar ganyen fure. Ga rubutu dai kifewar tana nan. Sannan leya bakwai kowace cike da allo suna ƙara wa ƙaramar kwamfuta nauyi a banza.

Malam Lissafi:
Ku ba ni dama in faɗi yadda nake yi, ko da za a ce na cika son lissafi. Tushen kifewar shi ne kuna juya tambarin. Ni ba na juya shi sam. Wurin zamansa nake lissafawa, shi kuma yana nan tsaye yadda aka zana shi.

Malama, ki mayar da turken kowanne tsakiyar cikinsa, Ctrl da Alt da Home suna yin haka. Ki mayar da Rotation sifili. Ki yi leyar nol guda, wato Null Object, leyar da ba ta fitowa a bidiyo sai dai ta ja wasu, ki sa mata suna Turke, ki ajiye ta ƙasa da tamburan bakwai, su kuma su zama na 1 zuwa na 7 daga sama. Sai ki riƙe Alt ki danna ɗan agogon da ke gefen Position na tambari, ki liƙa wannan:

n = 7;
r = 350;
j = thisComp.layer("Turke").transform.rotation;
k = degreesToRadians((index - 1) * 360 / n - 90 + j);
[960 + r * Math.cos(k), 540 + r * Math.sin(k)]

Ki liƙa shi a dukkan bakwai ɗin ba tare da canza ko harafi ba. n yawansu ne, r nisansu daga cibiya, index kuma lambar leyar ce a jeri, ita ke sa kowanne ya san gurbinsa. Cire 90 ɗin nan don na farko ya hau can sama ne, in babu shi zai fara daga hannun dama, inda ƙarfe uku take a agogo. Layin degreesToRadians kuma dole ne, domin cos da sin a nan ba sa jin digiri, wani ma'aunin kusurwa da ake kira radiyan suke ji. Daga nan nol ɗin kaɗai za ki juya, su bakwai ɗin su bi, babu wanda zai karkace.

Yaron Edita:
Malam wannan ai sai wanda ya yi kimiyya. Ni da na ga cos da sin gabana faɗuwa yake.

Hajiya Edita:
Ni ma a nan muke rabuwa da Malam. Ban ce hanyarsa ba ta aiki ba, tana yi sosai. Abin da nake gudu shi ne a ba mai koyo layi biyar ya liƙa bai san abin da ke ciki ba. Gobe ta sa leyar kiɗa ko ta rubutu a saman jerin, index na kowa ya ƙaru da ɗaya, da'irar ta goce, Daura ta bar sama, ita kuma ba ta san daga ina abin ya zo ba. Na ga masu koyo da yawa sun bar After Effects saboda rubutun kuskure da ya fito musu a ƙasan allo.

Ga tawa hanyar, da hannu ake yi kuma ido na ganin kowane mataki. Turken kowane tambari a tsakiyar cikinsa. Nol a cibiyar allo. Ki ajiye na farko a 960 da 190, ki ɗaure shi da nol ɗin ta wannan 'yar igiyar da ake ja a layin Parent. Ki juya nol zuwa 51.43, na farkon zai matsa gefe, sama ta zama fili. Ki ajiye na biyu a 960 da 190, ki ɗaure. Ki juya zuwa 102.86, ki ajiye na uku. Haka har bakwai. Sannan a Rotation na kowane tambari ki sa layi ɗaya tak:

-parent.transform.rotation

Ma'anarsa, duk digirin da nol ya juya shi dama, shi ya juya kansa hagu daidai da haka. Kowa zai iya riƙe wannan a ka.

Malam Lissafi:
Hajiya, maganarki a kan index gaskiya ce, tarko ne, kuma da na faɗe shi tun farko. Maganinsa a ajiye duk wata sabuwar leya ƙasa da su, ko a rage yawan leyoyin da ke sama daga index ɗin. Amma ki duba abin da hanyarki za ta jawo mata nan gaba. Ta gama jerawa, ta ga da'irar ta yi ƙanƙanta tana taɓa taswira. A wurinki sai ta kwance bakwai ɗin ta sake ɗaurawa, ko ta ƙara girman nol, tamburan su kumbura tare da shi. A wurina 350 za ta mayar 400. Idan ma ta ɗaura r a kan silaida, wato Slider Control da ake ja don ƙara lamba ko rage ta, tana iya sa su fito daga cibiya su bazu kamar buɗewar fure da kifirem biyu kacal, wato alamar da ke nuna inda motsi zai fara da wadda ke nuna inda zai tsaya. Ba don burgewa nake koyar da wannan ba. Mai ba da aiki ba ya barin aiki yadda aka fara shi, kullum sai ya ce a ƙara ɗaya ko a rage ɗaya.

Hajiya Edita:
Hausa Bakwai dai ba za su zama takwas ba, Malam.

Malam Lissafi:
Ba za su zama ba. Amma aikinta na gaba ba lallai bakwai ba ne.

Maman Khalil:
Allah ya saka muku da alheri, duka biyun ina karantawa. Na fara da ta Hajiya don ita na fi fahimta. Amma ga abin da ya faru: na sa layin nan, yanzu ina juya nol ɗin babu abin da ke motsi ko kaɗan, kuma duk sun taru a sama wuri guda.

Hajiya Edita:
Turakunki har yanzu suna cibiyar allo, tun gyaran farko da na ba ki. Tunda turkensu da na nol wuri ɗaya suke, nol ya juya su dama, layin ya dawo da su hagu a kan turke guda, kin ga an koma gidan jiya. Ki cire ɗaurin, ki zaɓe su duka ki danna Ctrl da Alt da Home, sannan ki sake jerawa. Juyi biyu ake buƙata a kan turke biyu daban: babba a cibiyar da'ira, ƙarami a cikin tambari.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina gaida manya. Malama, na ga kin sa Biram a ƙarshe, ina fatan a bidiyon za ki nuna wa yara inda take, don da yawa ba su san Garun Gabas ce ta wajen Haɗeja ba. Gobir kuma kada a nuna ta a Najeriya kaɗai, tarihinta ya ratsa har cikin Nijar, ga Tsibiri nan kusa da Maraɗi. Daura ce ya dace ta zauna sama a firem na farko, wato hoton farko na bidiyon, tunda daga can labarin Bayajida da rijiyar Kusugu ya taso.

Maman Khalil:
In sha Allah haka na tsara, Daura ce ta 1. Na gode da tunin Tsibiri, zan sa ta a taswirar.

Shugaban Zaure:
Madalla. A ci gaba da maganar da'ira, tarihin a buɗe masa nasa zaren, zai yi daɗi.

Ɗan Damagaram:
To ranka ya daɗe. Ga masu aiki da manhajar Blender, tunda kyauta ce kuma da yawanmu ita muke iya samu. Idan abu iri ɗaya ne za a maimaita, a sa masa Array, a kashe Relative Offset, a kunna Object Offset a zaɓi wani Empty, wato nol ɗin Blender, da ke zaune a cibiya, a juya Empty ɗin a kan Z da 360/7. Akwatunan Blender ma suna yin rabawa da kansu. Abu biyu ke kayar da mutane. Na ɗaya, asalin abin, wannan ɗigon ruwan lemo, dole ya zauna wuri ɗaya da Empty, jikin abin kuma a shiga Edit Mode a matsar da shi gefe. Na biyu, idan ka taɓa ƙara girman abin ko ka juya shi ba ka danna Ctrl da A ka tabbatar ba, kwafin za su riƙa girma ko ƙanƙancewa ɗaya bayan ɗaya, maimakon da'ira ka samu dodon koɗi.

Amma ga irin aikin Malama, inda kowanne da sunansa, Array ba zai yi ba. Sai Geometry Nodes, inda ake haɗa 'yan akwatunan umarni da ake kira nod. Mesh Circle mai ɗigo 7, a haɗa shi da Instance on Points, tamburan a zuba su a kwalekshan guda a jawo da Collection Info, a kunna Separate Children da Reset Children da Pick Instance. A kula, jerin haruffa yake bi wajen ɗauko su, don haka Biram za ta riga Daura in ba a sa musu lamba a gaban suna ba. Juyin kuma a yi shi a cikin nod, a kan da'irar kafin a ɗora tamburan. Idan aka juya abin gaba ɗaya daga waje, kifewar nan za ta dawo.

Malam Lissafi:
Ka ga wannan ita ce hanyata da wata riga. Ɗigon ne ke yawo, abin da ke kansa yana tsaye.

Yaron Edita:
Ni a waya nake aiki, Alight Motion. Na gwada da taurari bakwai, na jera su da lambobin Malam, tazara ta yi kyau. Amma da na haɗa su rukuni guda na juya, sai da'irar tana tangaɗi, tana hawa tana sauka kaɗan kamar ba a tsakiya take ba. Da na gwada da takwas ban ga haka ba. Me ya kawo wannan?

Malam Lissafi:
Tambaya mai kyau ƙwarai, kuma ba laifin wayarka ba ne, a kwamfuta ma haka take faruwa. Idan manhaja za ta nemo tsakiyar rukuni, akwati take zanawa a kewayen abubuwan ta ɗauki tsakiyar akwatin. Da takwas, akwai ɗaya can sama akwai ɗaya can ƙasa, tsakiyar akwati da cibiyar da'ira sun haɗu. Da bakwai, akwai ɗaya can sama amma babu kowa can ƙasa, biyu ne suka raba ƙasan, kowanne ya ɗan haura. Idan nisan 350 ne, na sama ya kai 350 cif, na ƙasan sun tsaya a wajen 315. Tsakiyar akwatin ta haura da fiksel 17 ke nan. Wannan 17 ɗin ne tangaɗin da kake gani. Duk lambar da ba ta rabuwa biyu daidai haka take, 3 da 5 sun ma fi tsanani.

Maganinsa, ka zana babbar da'ira da ta rufe su duka, cibiyarta a kan cibiyarsu, ka sa ta cikin rukunin ka mayar da ita ba a gani. Ko ka ɗaure su da nol da ka ajiye a cibiya da lamba, ba da ido ba.

Yaron Edita:
Na sa da'irar, tangaɗin ya tafi. Allah ya ƙara basira Malam.

Maman Khalil:
Alhamdu lillahi, tawa ma ta yi. Suna kewayawa, sunaye a tsaye. Saura abu biyu ƙanana. Tamburan faɗinsu 300 ne, sun kusa haɗuwa da juna. Sannan inuwar da na sa musu lafiya take, amma a gwajin farko na ga tana zagaya tambarin.

Malam Lissafi:
Tsakanin cibiyar tambari da ta maƙwabcinsa ana samunsa da 2 sau r sau sin na 180/n. Da bakwai a nisan 350 ya kama kusan 304. Tambari mai 300 ya bar miki fiksel 4 ke nan. Kuma ba ki da wurin faɗaɗa da'irar sosai, don daga cibiya zuwa bakin allo na sama 540 ne, 350 da rabin tambari 150 sun riga sun cinye 500. Ki rage su zuwa 250. Za ki samu tazarar 54 a tsakaninsu, da 65 tsakaninsu da bakin allo.

Hajiya Edita:
Inuwar kuma, wadda ake ɗaukowa daga Effects a jikin leya take, idan leya ta juya tare suke juyawa, sai hasken ya zama kamar yana yawo. Yanzu da tamburanki ke tsaye ba za ki gani ba. Ranar da kike son abu ya juya inuwarsa ta tsaya gefe guda, ki ɗauko ta daga Layer Styles.

Abban Sultana:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda zancen ɗaya ne. An ba ni aikin jera sunayen ƙananan hukumomin Kano 44 a da'ira. Na bi hanyar Malam na sa n ya zama 44, sun jeru, amma sunayen sun hau kan juna sama da ƙasa, ba a karanta komai.

Hajiya Edita:
A nan tsayar da rubutu ba shi ne daidai ba. 360/44 bai wuce digiri 8.18 ba, ko ka kai nisan 300 tsakanin suna da suna bai kai fiksel 43 ba. Ina Dawakin Tofa ko Tudun Wada za su shiga a kwance? Sai dai su fito daga cibiya kamar hasken rana, kowanne ya miƙe waje. Ka sa rubutun ya fara daga hagu, turkensa a farkon suna, ka juya kowanne da kusurwarsa.

Abban Sultana:
To na hagu ba za su kife ba, Hajiya?

Malam Lissafi:
Za su kife, sai an juya musu baya. Duk wanda kusurwarsa ta faɗa tsakanin 90 da 270, idan ka ƙirga daga ƙarfe uku, ka ƙara masa 180, rubutun kuma ka mayar da shi ya ƙare a dama don ƙarshen sunan ya zauna a bakin da'ira. Amma wannan na da'irar da ke tsaye ne. Idan za ta riƙa juyawa, kada ka yi, don kowane suna zai yi tsalle ya birkice a duk lokacin da ya ratsa sama ko ƙasa. A bar su fuska ɗaya, mai kallo ya karanta na hannun dama yayin da suke wucewa.

Kuma ga wani tarko tunda muna nan. Idan rabin da'ira za ka cika, daga wannan baki zuwa wancan, da n - 1 ake rabawa, domin akwai abu a farko akwai a ƙarshe. A cikakkiyar da'ira kuwa da n ake rabawa, don 0 da 360 wuri ɗaya ne. Wanda ya raba 360 da n - 1 zai ga kamar ɗaya ya ɓata, alhali yana kwance a kan na farko.

Baba Mai Firinta:
Wannan na rabin da'ira mun san shi a rubutun hatimi. Hajiya, na karɓi maganarki a kan rubutu mai motsi. Amma har gobe ina cewa wanda bai iya jera abu a tsaye ba, kada ya yi gaggawar motsa shi. Ku duba tutar Tarayyar Turai, taurari 12 a da'ira, kowanne kansa na kallon sama, babu wanda ya karkata ya bi da'irar. Da gangan aka tsara ta haka, kuma sau da yawa ina ganin masu zane sun kwaikwaye ta sun karkatar da taurarin. Sanin wanne zai tsaya wanne zai bi da'ira, aikin ido ne kafin na manhaja.

Maman Khalil:
Gaskiya ne Baba. Ina so in ƙara zoben 'yan ƙwallaye 33 kamar carbi a bayan tamburan don ado, yana juyawa ta ɗaya hannun. Sai na yi leya 33?

Hajiya Edita:
A'a, nan ne wurin rifita mai maimaita abu guda, tunda duk iri ɗaya ne. Leyar siffa guda, ƙwallo guda. Ki danna Add ki zaɓi Repeater, Copies ki sa 33. A cikin Transform na rifitar, Position yana zuwa da 100 da 0, ki mayar da shi 0 da 0, in ba haka ba za su miƙe a layi. A Rotation nasa ki sa:

360 / content("Repeater 1").copies

Ko nawa kika mayar da yawansu daga baya, tazara za ta gyara kanta. Ƙwallon kuma ki matsar da shi daga cibiya, rifitar ta zauna a waje ƙasa da rukuninsa. Idan tana cikin rukunin kuma kika matsar da rukunin, duk 33 ɗin za su taru a kan juna ki ga ƙwallo ɗaya.

Malam Lissafi:
Hajiya ga ki kin rubuta lissafi da hannunki.

Hajiya Edita:
Layi ɗaya ne Malam, kuma ta san abin da yake yi. Ban taɓa ƙin lissafi ba, tsarin koyarwa muke jayayya a kai. A fara da turke, idan ya zauna a kai sai a hau cos da sin.

Malam Lissafi:
A kan wannan tsarin ban ƙi ba, muddin za a hau ɗin. Da yawa a nol suke tsayawa shekara da shekaru.

Maman Khalil:
Zoben ya fito. Amma na fitar da gwaji na sakan 10 yana maimaita kansa, duk lokacin da ya koma farko sai ya ɗan tsaya kamar ya yi tuntuɓe. Ƙwallayen kuma da na ƙara musu gudu sai na ga kamar baya suke yi.

Ɗan Damagaram:
Tuntuɓen daga firem ɗin ƙarshe yake. A firem 25 cikin sakan, sakan 10 firem 250 ne, daga 0 zuwa 249. Idan kika sa cikar zagaye a kan 249, hotonsa da na 0 iri ɗaya ne, sai a nuna hoto guda sau biyu a jere. Ki ja kifirem ɗin ƙarshe zuwa 250, firem ɗaya bayan ƙarshen aikin. Kuma ki tabbata ba ki danna musu F9 ba, don shi yana sa juyi ya tashi a hankali ya tsaya a hankali, abin da ke zagaye ba tsayawa kuwa gudu ɗaya ake so. Ko ki share kifirem ɗin ki rubuta time * 36 a Rotation na nol, zai cika 360 a sakan 10 daidai. Na zoben ki sa masa alamar ragi a gaba don ya bi ɗaya hannun.

Malam Lissafi:
Komawa bayan kuma ba kuskuren manhaja ba ne, irin abin da ake gani ne a tayar mota a fim. Tsakanin ƙwallo da ƙwallo digiri 10.9 ne, kuma duk kamarsu ɗaya. Idan a firem guda zoben ya juya fiye da rabin wannan, wato 5.45, ido zai haɗa kowane ƙwallo da wanda ya fi kusa da inda yake a da, shi kuwa na bayansa ne. A firem 25 iyakar ta kama digiri 136 a sakan. Idan ya kai 10.9 cif a firem, zoben zai zama kamar a tsaye yake. Ki tsaya nesa da iyakar, 36 ko 72 a sakan sun isa, duka biyun kuma suna cika zagaye daidai a sakan 10. Idan dole sai da gudu, ki kunna Motion Blur a leyar da kuma saman taimlayin, ko ki bambanta ƙwallo ɗaya da launi a wata leya ki ɗaure shi da zoben don ido ya samu abin bi.

Maman Khalil:
Na sa time * -36 a zoben, time * 36 a nol, tuntuɓen ya tafi. Zan gwada hanyar Malam a kwafin aikin don in ga yadda fitowa daga cibiya za ta yi.

Malam Lissafi:
Idan za ki gwada, ki fara cire ɗaurin Parent daga tamburan ki share layin Hajiya da ke Rotation, ki tabbata ya koma sifili, don hanyoyin biyu ba sa haɗuwa a leya ɗaya. Silaidar kuma ki sa ta a kan nol ɗin, ki ja r zuwa gare ta da 'yar igiyar da ke cikin akwatin rubutun, ki sa kifirem 0 a farko, 350 bayan sakan ɗaya.